Don Allah ya ake karatun fenal sifesiyal ba hadda kawai ba?

ɗalibar_Bagalam

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni ɗiyar nan Maradi ce, unguwar Bagalam, amma a Tawa nike karatun shari'a, shekara ta ukku ta lisansi. Bana ne aka fara mamu fenal sifesiyal, darasin nan da ake ɗaukar laifuka ɗaya bayan ɗaya, kisa, duka da rauni, fyaɗe, sata, damfara, cin amana, karɓar kayan sata da sauransu, kuma gaskiya abin ya tsaya mani a rai sosai. Bara da muka yi fenal janaral na ji daɗinshi don akwai tsari, ka san rukunnan laifi, doka da aiki da niyya, ka san yunƙurin laifi ka san haɗin baki, shi ke nan kana iya tafiya. Amma wannan na bana kowane laifi da nashi sharuɗɗa kuma kowane sharaɗi sai malam ya kawo hukuncin wata kotu da ta fassara shi, mafi yawa kuma na kasasiyo ta Faransa ne, wato kotun ƙolinsu, wasu ma tun kafin a haifi kakannina.

Tambayata ta farko, waɗanda suka riga mu wucewa ta nan wace hanya kuka bi har abin ya zauna maku a kai? Don ni ba na son in haddace sunaye da ranaku in zuba a egzama in manta, so nike in fahimta, lauya nike son zama in Allah ya yarda. Ta biyu, waɗannan hukunce-hukuncen na Faransa shin alƙalin da ke zaune a babbar kotun Maradi dole ne ya bi su? In ba dole ba ne to mi ya sa muke shan wahala a kansu, kuma ina namu na Nijar suke?

Abin da ya ƙara tada mani hankali, da na zo hutu wani baffana ɗan kasuwa ya tare ni da tambaya, ya ba wani mutum buhunan shinkafa tun kafin azumi har yau ba kuɗɗi ba kaya, yana cewa cin amana ne zai kai shi komisariya, ya ce tunda ke kike karatun nan faɗa mani. Na ce mashi ya dakata tukuna sai na bincika. Don Allah a taimaka.

Metir_na_Sabon_Gari

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'a. Bari in fara da maganar baffanki don ita ce ma za ta buɗe maki tambayar farko.

Laifukan dukiya ukkun nan da ke rikita ɗalibai, sata da damfara da cin amana, tambaya ɗaya ce ke raba su: ta yaya abin ya shiga hannun mutumin? In mai abu bai ba shi ba, shi ya ɗauke da mugun nufi, sata ce, aya ta 306 a kod ɗinmu, wato kundin laifuka na 15 ga Yuli 1961. In mai abu ne ya miƙa da hannunshi amma sai da aka shirya mashi yaudara kafin ya miƙa, damfara ce, aya ta 333. In kuwa ya miƙa da saninshi da yardarshi ba wata yaudara, amma da sharaɗin a maido mashi ko a yi wani aiki takamaimai da abin, sai wanda aka ba ya karkatar ko ya cinye, nan ne cin amana, aya ta 338. Ki lura da lokaci, a damfara mugun nufin ya riga miƙawa, a cin amana daga baya yake zuwa.

To yanzu ki koma wurin Baffa ki tambaye shi abu guda, sayar mashi ya yi bashi ko kuwa ba shi ya yi ya sayar mashi ya kawo kuɗɗi ya ɗauki la'adarshi? In sayarwa ce, tun ranar da aka yi ciniki shinkafa ta zama ta mai saye, mutum kuwa ba ya cin amanar kayanshi, abin da ya rage bashi ne, kuma bashi ba laifi ba ne, ƙara ce ta neman haƙƙi ba ta kaso ba. In kuwa wakilta shi ya yi kamar yadda alhazai ke yi da yaransu da dillalai, kaya na nan na Baffa har a sayar, kuɗɗin ma nashi ne, wanda ya cinye su ya shiga 338. Wallahi wannan bambancin na ci mani rai don ina ganin yadda ake jan talaka komisariya a kan bashi tsantsa a liƙa mashi sunan cin amana don kawai a tsorata danginshi su haɗo kuɗɗi, mutum ya kwana a tsare, mutuncinshi ya zube a unguwa, alhali da an kai dosiyen gaban alƙali mai lura sallamarshi za a yi. Ke da za ki zama lauya wannan ne abincinki na kullum a garin kasuwanci irin Maradi.

Hanyar karatu kuma, ni abin da ya yi mani amfani shi ne kowane laifi in ba shi shafi guda a kaye, in kwafe ayar da hannuna kalma kalma, sannan kowane hukuncin kotu in rataya shi a jikin kalmar da ya zo fassarawa, ba in jera su a gefe ba. Ɗauki sata. Doka ta ce ɗauke abu na wani. To mi ake nufi da abu? Nan ne hukuncin 3 ga Agusta 1912 ya shigo, inda kasasiyo ta Faransa ta ce kuran, wato wutar lantarki, ma abu ne da ake iya sacewa ko da ba a riƙe shi a hannu, kin ga duk mai jona waya ta bayan kwantar ya shigo ciki. Mi ake nufi da ɗaukewa, dole sai ka tafi da abin har abada? Hukuncin 19 ga Fabrairu 1959 ya ce a'a, wanda ya ɗauki motar wani ba izini ya yi yawonshi ya maido ya yi sata, don a ɗan lokacin nan ya mai da kanshi mai mota. Sai na Logabax na 8 ga Janairu 1979, ma'aikaci ya ɗauki takardun kamfani ya yi fotokofi don amfanin kanshi ya mai da su wurinsu, kotu ta ce ya sace su na tsawon lokacin da ya ɗauka yana kwafa. In kin bi ta haka ba ki buƙatar hadda, kowane hukunci amsa ce ta wata tambaya da lafazin ayar ya bari a buɗe. A ƙasan shafin sai ki sa abubuwan da ke ƙara wa laifin nauyi, dare, makami, taron mutane, fasa gida, don su ke ɗaga sata daga matsakaicin laifi zuwa babba, ki kuma duba ko ana hukunta yunƙurinshi, don a matsakaitan laifuka sai doka ta faɗa da bakinta.

Tambayarki ta biyu, a'a, ba dole ba ne ko kaɗan. Alƙalin Maradi dokar Nijar kawai ta ɗaure shi. Ana kawo na Faransa ne don kod ɗinmu daga nasu na 1810 ya samo tushe, wurare da yawa lafazin kusan ɗaya ne, to hujjar da suka yi a kan kalma ɗaya tana iya gamsar da alƙalinmu, gamsarwa kawai ba tilas ba. Amma fa a yi hattara, ba ko'ina muka yi daidai da su ba. Tsohuwar ayarsu ta cin amana, 408, ta lissafa yarjejeniyoyi shida ne kawai, haya, ajiya, wakilci, jingina, aro da aiki, sabon kod ɗinsu da ya fara aiki 1 ga Maris 1994 ya zubar da lissafin. Haka a damfara sun daɗe suna cewa ƙarya tsura ba ta isa ba sai an haɗa da wani shiri ko sunan ƙarya ko muƙamin ƙarya. Kafin ki ɗauko ko ɗaya daga ciki ki ɗora wa dosiyen Nijar, ki duba a kan wane lafazi aka yanke shi, ki aza shi kusa da namu da ayoyin da ke biye da shi ki gwada. Ɗalibai da yawa nan suke faɗuwa, su zubo abin da ke cikin littafin Faransa ba su taɓa buɗe kod ɗinmu ba.

ɗan_Jibiya

Salam. Ni daga tsallake nake, a Katsina nake karatun lauya amma mahaifiyata 'yar Madarunfa ce shi ya sa nake leƙowa nan. Abin da Metir ya faɗa ya ba ni sha'awa don mu a wajenmu akasin haka ne, hukuncin kotun ƙoli ta Najeriya dole ne ga duk kotun da ke ƙasa da ita, alƙali ba shi da ikon kaucewa ko da bai gamsu ba, saboda haka mu sunan shari'a da shekararta kusan daidai suke da sashen doka a jarabawa. Amma rabon laifukan kusan iri ɗaya ne, a kundin laifuka na Arewa wanda ya fara aiki 1960 sata na sashe na 286, cin amana 311, yaudara 320, kuma mu ma ana nanata mana cewa bashi ba aikin 'yan sanda ba ne duk da kullum sai an kai. Shi 419 da kowa ke faɗa a baki lambar sashe ce a kundin Kudu. Shawarata 'yar'uwa ki ɗan san namu ko sama-sama ne, don rabin rigimar 'yan kasuwar Maradi da Kano da Katsina take haɗawa, kaya su bi ta Ɗan Isa kuɗi su maƙale a Jibiya, lauyan da ya san ɓangare biyu ba zai rasa aiki ba.

tsohon_garafiye

Ɗiyata Allah shi yi maki albarka da kinka yi wagga tambaya. Metir ya yi bayani mai kyau ban da abin ƙarawa bisa dukiya, amma ina da ƙorahi guda, duk misalan da ya kawo na Faransa ne, ke kuwa kin tambayi ina namu suke. Namu suna nan, ba a buga su ne yadda ya kamata ba, suna kwance cikin girefi, wato ofishin kotu mai ajiyar takardun shari'a. A zamanin da nike aiki dosiyen Maradi Damagaram aka kai su ɗaukaka ƙara, kuma na ga hukunce-hukunce da alƙalanmu sunka rubuta da hujja mai ƙarhi wadda ba ta kasa ta kowa ba, amma ɗalibi bai taɓa ganinsu ba. Wasu na kotun ƙoli tamu kina samunsu a intanet a shafin Juricaf, ki zaɓi Nijar. Ki kuma san sunan kotun ya sha canzawa, an yi kotun ƙoli, an yi kasasiyo, tun bayan 2023 kuma Kotun Ƙasa ce ta gaje ta, kada sunan ya ruɗe ki wurin nema.

Abin da ya fi duka, tunda kina hutu, ki tai kotu ki zauna. Zaman shari'ar laifi a buɗe yake ga kowa in ba an ce a rufe ba. Ki saurari sunan da furokira, wato mai gabatar da ƙara, ya ba laifi, ki saurari lauya yana ƙoƙarin sauke shi, ki ga alƙali wani lokaci ya canza ma laifin suna gaba ɗai, an shigo da mutum da sata a hita da karɓar kayan sata, an shigo da yunƙurin kisa a hita da duka da rauni. Fassarar doka da kike karantawa nan za ki gan ta da rai.

Kuma akwai laihukkan da Faransa ba ta da abin koya muna a kansu. Satar dabbobi kod ɗinmu ya ware mata wurinta daban, wanda ya san Dakoro da Mayahi ya san dalili. Sai bauta, wadda gyaran 13 ga Yuni 2003 ya shigo da ita, aya ta 270.1 da masu bi mata, ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Duk ɗalibin shari'a a ƙasar ga ya kamata ya san shari'ar Hadijatu Mani kamar sunanshi. An saida ta 1996 tana da shekara 12 a kan jikka 240 a matsayin wahaya, wato baiwa da sunan mata ta biyar, 2005 anka ba ta takardar 'yanci amma mutumin da ya saye ta ya ce ai matatai ce, kotu ta farko a Ƙonni ta ce babu aure, ta sama da ita ta juya hukuncin, da ta auri wanda take so sai anka yanke mata wata shida a kan aure bisa aure. Ki duba fa, doka tana nan rubuce tun 2003, abin da ya rasa shi ne alƙalin da zai dubi abin da ke gabanshi ya kira shi bauta. Sai 27 ga Oktoba 2008 kotun Sedeyawo ta ce ƙasa ta kasa kare ta, ta sa a biya ta miliyan 10. Bayan nan ne a 2014 anka samu kotu a Ƙonni ta ɗaure wani mutum a kan wahaya. In malaminku bai kawo maku wagga ba ki nemo ta da kanki.

Kuma in kin yi karatun zaure kin san rarrabe laihi ba baƙon abu ba ne gare mu, malaman fiƙihu tun da can sun raba ɓarawon da ya ɗauke abu daga ma'ajiyarsa da mai fizge da wanda anka ba ajiya ya ha'inta, kowane da hukuncinsa. Sai dai ki riƙe cewa kotunanmu al'ada a aure da gado da gona suka aiki da ita, a laihi kod kawai.

mastar_Yamai

Ƙarin abu ɗaya kawai, ki tabbatar kwafin dokar da ke hannunki na yanzu ne, don fotokofin da ke yawo a hannun ɗalibai wasu sun tsufa kuma a fenal sifesiyal abu na canzawa da sauri. Dokar laifukan intanet ta 3 ga Yuli 2019 an cire ɗauri a kan ɓata suna da zagi a 2022, a Yuni 2024 aka maido shi. Dokar 2015-36 ta safarar baƙin haure da aka ɗaure direbobin Agadas da ita an soke ta a Nuwamba 2023 har da shafe hukuncin waɗanda aka yanke ma. Kullum ki fara da tambayar wace rana aka aikata abin kuma wace doka ke aiki ranar, malamai na son ɗana tarko a nan.

ɗalibar_Bagalam

Na gode ƙwarai Metir, na gode Baba, Allah ya ƙara girma, da ku 'yan'uwa duka. Na tambayi Baffa, ya ce ciniki suka yi har an yanke kuɗɗi a kan zai biya bayan sallah, kun ga bashi ne ke nan, na faɗa mashi bai ji daɗi ba amma ya fasa zuwa komisariya. Metir in ba damuwa ga wasu biyu da muke gardama a kansu da ƙawayena. Mutum ya tura kuɗɗi ta waya ya kuskure lamba, wanda suka faɗa ma ya cire ya ƙi maidowa, sata ce ko mi? Sai adashe, uwar adashe ta cinye zubi, da kuma wadda ta kwashi nata ta daina zubi, laifinsu ɗaya?

Metir_na_Sabon_Gari

Baba garafiye ya yi gaskiya, na karɓi gyara, maganar Hadijatu ta fi duk misalaina nauyi.

Ƙanwata ki yi amfani da tambayar nan dai, ta yaya abin ya shiga hannu. Uwar adashe an ba ta kuɗɗi ne don ta miƙa ma mai kwasa, ba nata ba ne ko na minti ɗaya, in ta cinye cin amana ne sarai. Wadda ta kwasa kuwa kuɗɗin nata ne ranar da ta karɓa, abin da ke kanta alkawarin ci gaba da zubi, in ta daina bashi ne, sai fa in an nuna tun farko da shiri ta shigo, misali ta sa sunayen mutanen da babu su don ta kwashi hannu biyu ko ukku ta ɓace, nan sai a koma duba damfara.

Na waya ya fi wuya kuma ina son ki ji nauyinshi. A zuciya kowa ya san mutumin nan ya ci haram. Amma bai ɗauke ba, turo mashi aka yi, bai yi yaudara kafin a turo ba, kuma ba a ba shi da wani sharaɗi ba. Tsohuwar fassarar kotunan Faransa ita ce abin da mai shi ya miƙa da kanshi ko da bisa kuskure ba a ce an sace shi ba, hanyar da ta rage ita ce ƙarar maido da abin da aka biya ba bisa haƙƙi ba. Dalili shi ne dokar laifi ana fassara ta a ƙuntace, alƙali ba ya faɗaɗa ta don abu ya ba shi haushi, shi ya sa ma a 29 ga Yuni 2001 babban zaman kasasiyo ya ƙi ɗaukar mutuwar ɗan da ke ciki a hatsarin mota a matsayin kisan kuskure, duk da zafin abin, don ayar ba ta ambace shi ba. Amma in labarin ya canza kaɗan, misali shi ne ya kira ya ce shi ma'aikacin kamfanin waya ne a turo mashi lambar sirri, to ya yi amfani da muƙamin ƙarya, kin koma 333, kuma sai ki leƙa dokar 2019 da ɗan'uwanmu na Yamai ya ambata. A egzama kada ki tsallake zuwa amsa, ki bi laifukan ukku ɗaya ɗaya ki nuna inda kowane ya kasa, makin yana wurin ne.

Ki rubuta amsar adashen nan a shafi guda yadda za ki ba malam ki liƙo ta nan in duba maki. In za ki kotu kuma ki fara biyawa girefi ki tambayi ranakun zaman laifi, ki je da katinki na ɗaliba da kod ɗinki a hannu.